Abin Da Na Rufe Da Haƙorin Makka

A shekarun saba'in, tun garin nan namu yana amsa sunan Abuja ba a mayar da shi Suleja ba, ni mai tuwo ce a bakin tasha, mace mai baki da son a gan ta. Akwai wani baƙin ɗigo a haƙorina na gaba da ke yi mini tsami in na sha ruwan randa. Rake da alawa suka ja mini, don ba na iya ganinsu in wuce. Da Allah ya kira ni aikin Hajji, na ga mata sun yi layi wurin masu sa haƙorin zinari, sai dabara ta faɗo mini. Na nuna wa ɗaya daga cikinsu haƙorin nan mai ɗigon, na ce shi za a rufe. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya nuna na kusa da shi mai lafiya. Na kafe. Ya goge shi ya ƙwama rufin, na fito ina yi wa waɗanda ban sani ba murmushi.

Da na dawo, direbobin Minna da na Kaduna suka daina ce mini mai tuwo, sai Hajiya. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma ba a daɗe ba ciwo ya taso daga ƙarƙashin zinarin, yana zuga kamar ana buga mini ƙusa. In zauna, in miƙe, in zaga tukunya, in dawo, na rasa inda zan sa kaina. Na tauna kanumfari, na kurkure da ruwan kanwa, har garin taba na danna a dasashi, duk a banza, tunda maganin ba ya isa inda cutar take. Yayata da ke aure a Maje ta zo, ta ji warin bakina, ta ce in je a ɓamɓare abin nan tun da sauran haƙori. Na hau ta da faɗa, na ce baƙin ciki take yi don ita ba ta je Makka ba. Ta ɗauki gyalenta ta fita ko ruwa ba ta sha ba. Gaskiyar magana tsoro nake ji. In aka ga bakina ba zinari, 'yan tasha za su ce jari ne ya karye na sayar, ko su ce dama ban taka Makka ba.

Haka na yi ta cijewa har kumatuna ya kumbura ya rufe ido ɗaya, zazzaɓi ya kayar da ni, bakin ya ƙi buɗuwa sai a ɗura mini koko da cokali. Ita dai yayar da na zaga, ita ta dawo ta sa ni a mota zuwa asibitin Minna, duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a tsakiyar kaina. Da likita ya cire rufin, babu komai a ciki sai baƙin kututture da mugunya, ruɓar kuma ta kama na gefe da gefe. Uku ya cire mini. Ya ce da na zo da wuri, da ɗaya zan rasa.

Na koma tasha ina jiran gori. Ba wanda ya tambayi zinari. Sai sannu Hajiya, ya jiki Hajiya, su karɓi tuwonsu su zauna. Ashe ni kaɗai nake gadin abin da ba wanda ya damu da shi, kuma wannan ya fi cirewar yi mini ciwo.

Don Allah 'yan'uwa, duk mai ɗan rami a haƙori ya kai shi asibiti tun yana ƙarami, kada ya lulluɓe shi da ado, kada kuma ya kori wanda ya gaya masa gaskiya. Yau ina da jikoki cike da gida, babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin na yi dariya ban sa hannu a baki ba.