Takardar Saudatu da Kwamfutar Marigayi

Duk wanda na ba labarin nan sai ya ce ai wasan netwok ne, ko kwamfutata ce ta ajiye kwafi. Ba haka ba ne. Ni abin ya faru da ni, wallahi, kuma ban taɓa buɗe takardar nan ba sai ranar.

Shekara uku ke nan, ina aikin kwamfuta a wata makarantar kuɗi a Makarfi mai reshe a Ikara. Shafin intanet na makarantar ni nake riƙe da shi, amma takardun tsofaffin ɗalibai suna cikin wata kwamfuta can Ikara, in na danna suna shafin ya jawo min. Malam Tukur na reshen Ikara ne ya haɗa abin, Allah ya ji ƙansa, ya rasu ana cikin hutu.

Wata Alhamis da hantsi wani dattijo ya zo daga Gazara, gara ta cinye takardar kammala sakandaren 'yarsa Saudatu, ga shi ranar ake rufe karɓa a makarantar koyon jinya. Na danna sunanta, shafi ya ce bai samu hanyar fayil ba. Na kashe na kunna, na sake kalmar sirri, na canza layi, na kira Ikara ba a ɗauka ba. Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, ka tafi kawai, abin nan ba zai yi ba."

Ya ce, "'Yata, zan jira. Da wane ido zan koma mata?"

Ya zauna a benci. Kunya ta kama ni, na sake dannawa, sai ga takardar, har da hotonta! Na buga, ya karɓa yana ta sa min albarka. Na gwada wasu sunaye, babu. Na koma kan Saudatu, ita ma babu.

Ranar Asabar na hau mota sai Ikara, da niyyar in zazzage musu masifa, na tarar da teburin kwamfutar wayam. Hedimasta ya ce ai kwamfutar ta Malam ce ta kansa, aro ya ba makaranta, 'yan'uwansa sun kwashe ta tun sadakar bakwai, sun kulle da sauran kayansa sai ranar rabon gado. Ban yarda ba sai da na je gidan na leƙa ta taga. Tana can a kan katifa, wayar wutarta nannaɗe a jikinta. Innalillahi, tsigar jikina ta tashi.

Matarsa tana takaba, da na faɗa mata ta ce a hankali, "Saudatun Gazara? Shi ya yi ta sintiri gidansu har aka bar ta ta gama."

Me ya buɗe takardar ban sani ba, ba kuma zan ƙirƙira ba. Ku dai masu aiki irin nawa, ku san inda takardun mutane suke, ku daina saurin korar na gabanku. Ni kam daga nan wajen wan Malam mai riƙe da makulli na nufa, na ƙudura ba zan bar Ikara ba sai an buɗe ɗakin a gaban shaidu, in kwafe takardun 'ya'yan mutane, kwamfutar su raba abarsu.