Hoton Baba a Katin Shago

Shekarar da soja suka karɓi mulki, damina kuma ta ƙi, na samu aiki a wani ɗan shagon buga takardu a unguwar Maourey, cikin Yamai. Rediyon shagon ba abin da yake sai kiɗan soja da sanarwa. Mai shagon, wanda muke ce wa patron, mutum ne mai gajen haƙuri da son a ce ya iya. Shi ya koya mini aiki da model a ordinatè, wato kwamfuta.

"Ba sai kin fara daga farar takarda ba," in ji shi. "Ga gidan hoto, ga gidan suna, ga ado a gefe, an riga an shirya. Ki goge na jiya, ki sa na yau. Ko akuya ta iya."

To, na iya. Katin suna, katin aure, katin rasuwa. A shekarar nan na rasuwa sun fi yawa, don mutanen ƙauye suna ta kwararowa Yamai da yunwa a jikinsu, wasu ba su daɗe ba.

Cikin bazara aka kira ni daga wajen Dogondutsi aka ce Baba ya tafi. Da zafin nan ba a jira kowa ba, kafin in samu mota an binne shi. Ban yi kuka ba. Na jira kukan ya zo, shiru. Abin da na iya kawai na yi: na zauna na haɗa masa katin addu'ar da za a yi a majami'armu. Hoto ɗaya gare shi a duniya, na katinsa na ɗan ƙasa, yana sanye da hular saƙa, ya ɗaure fuska kamar mai hoton ya ci masa bashi. Na gyara hasken, na zagaye shi da ganye, na sa gicciye ƙarami a sama.

Patron ya leƙo ta kafaɗata. "Kai! Wannan ya fi namu kyau." Nan take ya ajiye shi ya zama model ɗin shago, tsohon model ɗin kuma ya jefar. Bai cire hoton ba, wai don masu zuwa su ga yadda zai fito. A ganinsa yabo ya yi mini.

Daga ranar, duk wanda aka yi wa mutuwa in ya shigo, Baba nake buɗewa. In danna fuskarsa, in goge, in goge sunansa, in sa na wani. Gobe in buɗe, yana nan da hularsa. Da farko hannuna kan tsaya kaɗan. Daga baya ina yi ina cin gyaɗa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, in har tsoro ne, don ko shi sama-sama nake jinsa. Ina so in ji zafin mutuwar ubana, ko sau ɗaya, abin ya ƙi.

Wata rana da hantsi wata tsohuwa ta shigo, fasto ne ya kwatanta mata shagon. Daga ƙauyen Maradi suka zo ita da mijinta bayan gero ya ƙone a gona, suka raɓe wajen wani dangi mai lambu a unguwar Goudel. Mijin ya rasu, za a yi masa addu'a ranar Lahadi. Na ba ta kujera, na buɗe model, na sa sunan da ta faɗa mini.

"Inna, ina hotonsa?"

"Hoto? Ɗiyata, wa zai ɗauke shi hoto?"

Na ce ba komai, sai a cire gidan hoton a bar rubutu. Na kai hannu zan goge, ta riƙe mini wuyan hannu. Tafinta kaushi kamar bawon itace. Ta matso da fuskarta dab da gilashin ordinatè, ta daɗe tana kallo.

"Wannan wane ne?"

Patron yana waje yana faɗa da mai kawo takarda. Da na ce mata ubana ne, na san za ta sake ni, ta yi mini gaisuwa, ta ba ni haƙuri. 

"Na shago ne," na ce.

"To bar shi. Haka maigidana yake ɗaure fuska. Har hular. Jikokinsa su samu abin dubawa."

Na duba cikina ko wani abu zai motsa, kishi ko haushi ko hawaye. Ba komai, sai ƙarar fanka. Na gyara sunan mijinta ya zauna daidai ƙarƙashin haɓar Baba, na danna, injin ya fara turo katunan ɗaya bayan ɗaya, da ɗuminsu.

Ta ɗauki na farko da hannu biyu. Ta kira sunan mijinta a hankali, ta shafa fuskar da babban yatsa, sai ta fashe da kuka, irin mai fitowa daga ciki, har kafaɗunta na rawa. Ta yi wa ubana kukan da ban yi masa ba. Ni kuwa ina tsaye ina daidaita gefen sauran katunan a kan tebur, ina neman leda da zan zuba mata su.