Kakana Mai Wankin Babban Otal

Ɗazu ina wucewa ta shagon wani mai wanki, ƙamshin sitaci da dutsen guga na gawayi ya tsayar da ni. Da wannan ƙamshin Kaka yake shigo mana gida kullum bayan la'asar, lokacin muna Tudun Wada.

Kaka mai wanki da guga ne a babban otal ɗin Gusau, tun garin bai zama babban birnin jiha ba. A lokacin, nan ne masaukin manya: masu sayen auduga da gyaɗa, da ma'aikatan gwamnati masu rangadi. Duk zanen gadon da suka kwanta a kai ta hannunsa ya bi. Sai dai ka san yadda mutanenmu suke jin kalmar otal. Da an ambace ta, giya da matan banza ke zo musu a rai.

Wanda abin ya fi damu shi ne yayan Kaka, malami ne a Tsafe. Shekaru da yawa in ya zo gidanmu ko ruwa ba ya sha. Inna, kakata, za ta ajiye masa fura, ta dawo ta ɗauke ta yadda ta kawo. Ranar shi ma Kaka ba ya cin abincin kirki.

Wata damina Malam ya zo da sassafe, ƙasan rigarsa duk taɓo. Ya ce ya zo ne a yi ta ta ƙare: ko Kaka ya bar aikin, ko shi ya daina taka gidan.

"Yaya, taho ka gani da idonka," in ji Kaka. "In ka ce in bari, yau zan bari."

Inna ta tafi Bunguɗu gaisuwar rasuwa, don haka da ni aka je. Ta ƙofar baya muka shiga. Ina tuna fararen zannuwa jere a kan igiya, iska na kaɗa su, da tukwanen ruwan zafi, da kumfa na gangarawa cikin kwata. Malam ya zauna kan benci, Kaka ya naɗe hannun riga ya kama aiki kamar babu kowa. Hadari ya taso, ya kwashe shanya a guje. Rana ta fito, ya sake shanyawa.

Da azahar ta yi, masu dafa abinci da masu shara suka taru ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, inda suka kewaye wuri da duwatsu. Wani dattijo ya ce, "Malam, bisimilla, ja mu." Malam ya tashi ya shiga gaba.

Bayan sallama Kaka ya miƙa masa hannu. Malam ya riƙe bai saki ba, yana juya shi. Soda ta cinye tafin, ga tabon wuta a kowane yatsa.

"Haka hannun nan yake tun yaushe?"

"An daɗe, Yaya."

Da muka koma gida, Malam da kansa ya ce wa Inna, wadda dawowarta ke nan, "Akwai sauran fura?"

Yanzu duk sun rasu. Otal-otal sun cika Gusau, injin ke musu wanki, tsohon kuwa fentinsa ya koɗe, rabin ɗakunan a rufe. Bara aka gayyace ni walima a can. Na tsaya a bakin babbar ƙofa ina gyara mayafi, sai na tuna ban taɓa ganin Kaka ya bi ta nan ba. Na juya na zagaya ta baya. Motoci ake ajiyewa a wurin shanyar yanzu, amma bishiyar tana nan, har da wani ma'aikaci yana alwala a gindinta. Na gaishe shi, ya amsa, bai san ko jikar wa ce ba.