Katantanwar da na ɗauke a ɗakin Nura

Kano

Ana idar da sallar asuba na kama hanyar filin jirgi. Sayen kayan gyaran mota ne ya kai ni Dubai, masaukina kuma ɗakin ƙanena Nura, wanda ke aiki a wani kamfanin sanyaya gidaje a can. Yara suka bi ni har ƙofa suna cewa, "Baba, tsaraba!"

Al Ras

Ɗakin Nura yana saman wani shagon kayan ƙamshi, ko'ina warin kanumfari. Abin da ya fara ɗauke min ido shi ne wani akwatin gilashi mai yashi a ciki. Katantanwa na gani tana tafiya da ƙafafu.

"Ƙaguwa ce, Yaya," in ji Nura. "Irin wadda ba ta da ƙwanso a baya, sai ta shige na dodon koɗi. Mai gidan ya hana kyanwa, shi ne na sayo su."

Ya ce biyu ne, amma babbar ta binne kanta tun watan jiya tana saɓa kamar maciji. In ta gama takan cinye tsohuwar fatar kafin ta fito. Na yi ta tambaya har ya makara aiki. Abu ɗaya ne ban tambaya ba: katantanwa huɗu da ke zube a gefe, babu kowa a ciki. Na ɗauka ado ne. Na tuna yadda muke murza katantanwa a ƙasa muna yara, ta yi ta juyi, na ce yarana ba su taɓa gani ba. Ranar da na haɗa kaya na kwashe su, na cusa cikin kwali, aka kai kwalayen kago, wato siton masu aika kaya zuwa gida. Ban nemi izini ba, don a raina kayan ƙane kayana ne. Allah ya yafe min.

Washegari da safe salatin Nura ya tashe ni. Babbar ta fito, gidanta ya yi mata kaɗan, ta yar da shi. Ga ta tsirara a kwanon ruwa, bayanta laushi a nannaɗe, fari sol.

"Ina katantanwar nan? In ba ta samu gida ba, bushewa za ta yi ta mutu."

Na taya shi leƙa ƙarƙashin gado, alhali na san inda suke. Daga ƙarshe dai na ce, "Nura, suna kago."

Ras Al Khor

Muka ɗauki tasi, muka wuce garejoji da shagunan tayoyi har sito. Mai haɗa kayan wani Bamaraɗe ne, Alhaji Issufu.

"Khalas, an gama, Alhaji, an naɗe kwalayenka, yau za su shiga kwantena. Me ka manta, fasfo?"

"Katantanwa."

Ya dube ni, ya dubi Nura. "Daga Kano ka zo Dubai sayen katantanwa?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya miƙo wuƙa. A kwali na ƙarshe muka same su, cikin safa, tsakanin fitilun mota.

Al Ras kuma

Nura ya wanke su ya jera mata. Ni na zaɓa mata mai ƙyalli a raina. Ta laluba bakin kowace da ƙafa, ta juya, ta zura hannu ciki kamar mai gwada takalmi a Kwari. Can ta ɗaga bayanta, wuf, ta shige wata baƙa mai tabo. Ba a jima ba ƙaramar ta zo, ta saki nata gidan, ta shige wanda babbar ta yar.

Sai lokacin Nura ya yi min magana. "Ka gani, Yaya? Har a nan ma ƙarami kwance yake sawa. Ni da na gama firamare cikin wandonka."

Na ce, "Ka yafe min."

"Yalla, Yaya, tashi mu ci abinci."

Kano

Na iso gida lafiya bayan la'asar, yara suka samu dabino da alewa. Na gode wa Allah, na gode wa Alhaji Issufu da ya sake naɗe kwalayena bai ɓata rai ba. Nura kuwa, yanzu ko cajar wayarsa zan taɓa, sai na tambaya.