Inna Hajjo da Ciwon da Ba Ya Nuna Kansa

Kafin rana ta yi zafi, Inna Hajjo ta riga ta share ƙofar ɗakin shan magani na Bungudu, ta dafa ruwa, ta shimfiɗa tabarmarta a ɓangaren mata. Aikin da En'e ta ɗauke ta karɓar haihuwa ne, amma mu masu zama a inuwar wurin mun san rabin aikinta sauraro ne. Bana gwiwa ta kayar da ita, za ta koma Tsafe wajen ɗiyarta. Shi ya sa na ce bari in rubuta abu ɗaya da na gani, ko da yake har yau ban gama gane shi ba.

Akwai wani makiyayi daga wajen Karakkai, zan kira shi Tukur don in rufa masa asiri. Ya zo da ciwon sanyi, fitsari na yi masa zafi. Malamin asibiti ya ba shi ƙwaya, ya warke, ya koma ruga. Kafin kaka sai ga shi ya dawo. Mu a inuwa kowa da fassararsa. Wani ya ce zama kan dutse mai zafi ne, wani ya ce wankan rafi da damina. Kawunsa kuwa ya yanke cewa matar Tukur, Jummai, ita ce ke zuba masa wani abu a fura, ya ce lallai ya sake ta kafin su tashi da shanu.

Inna Hajjo ta kira Tukur gefe. Ina kusa, na ji.

"Ina mai ɗakinka?"

Tukur ya dubi ƙasa. Ko sunanta ba ya faɗi, balle ya zauna da ita a layin magani.

"Lafiyarta lau, Inna. Ko ciwon kai ba ta yi."

"Shi ne abin. Wanga ciwo yakan zauna ga mace, har ga namiji, ba zafi ba komi. Ka warke, ka koma shimfiɗa, ka sake ɗauka."

"To ita ta kawo shi ke nan."

"Ko kai ka kai mata. Ban sani ba, Malam ma bai sani ba. In ka sake ta ka auri wata, ka raba ma waccan nata."

"Mutum na da ciwo bai sani ba? To mi ya sa ake ce mai ciwo?"

"Ka tambayi likitan Gusau. Ni dai na sha ganin uwa garau, jaririnta ido cike da kwantsa."

Ranar kasuwa aka ga Inna Hajjo zaune gefen ƙwaryar Jummai, tana ɗanɗana nono tana kushe shi, suna magana ƙasa-ƙasa. Da ta tashi, ƙwayar da ta karɓo daga Malam tana ƙarƙashin faifan Jummai. Sannan ta tari uwar Tukur ta ce surukarta ta rame da kewar gida, a bar ta ta je ƙauyen Wanke ganin iyaye ko na mako biyu ne. Haka miji da mata suka sha magani lokaci guda, kowa a shimfiɗarsa, kuma babu wanda aka sa ya faɗi abin kunya da bakinsa.

Da shanu suka tashi, Jummai na cikin ayari da ƙorenta a kan takarkari. Ciwon bai sake dawo wa Tukur ba, amma kawun har yanzu cewa yake tsoro ne ya sa ta daina zuba abu a fura.

Inna, ke ce uwar marufa asiri. Na kasa gane yadda ciwo ke kwana a jiki shiru, ke ma kin ce ba ki gane ba, amma ba ki jira ganewa ba kafin ki tsare wa yarinyar nan aurenta. Mun gode, Allah ya huta gajiya.

Wadda za ta gaji tabarmarki, ta koyi zama gefen ƙwarya. Mu maza kuma, in mun zo karɓar ƙwaya, mu daure mu karɓi ta mutum biyu, don daga bana babu mai bin mana matanmu kasuwa.