Harafin da na soke da jan biro

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban rubuta komai a shafin nan ba. Tsofaffin ɗalibaina, da ke kirana Mushe kamar yadda ake kiran malamin boko a nan Nijar, sun yi ta aiko saƙo: "Mushe, lafiya?" Ban amsa ba, don ban san abin da zan ce ba. Yau na samu ƙarfin riƙe waya.

Da tuwo abin ya fara. Loma ta tsaya mini a ƙirji, ba ta sauka ba, ba ta dawo ba. Na ce tsufa ne. Sai shinkafa ta bi. Kafin wata ya ƙare, ko fura mai kauri sai na yi ta dukan ƙirji.

Ni kaɗai nake a gidan tun rasuwar mai ɗakina. 'Yata guda tana aure a Yamai, na ɓoye mata. Kullum sai na ƙara jan mazagin wando.

Daga asibitinmu na Madarunfa aka tura ni Maraɗi. Aka ɗibi jini, aka yi hoto, aka zura mini tiyo mai fitila ta baki. Wannan kaɗai ya cinye raguna biyu da nake kiwo. Kwana goma na jira sakamako, kalma ɗaya ke yawo a kaina: ciwon daji.

Ba shi ba ne. Likita ya ce ƙofar cikina ce ta tsuke, kuma ana iya buɗe ta.

"Amma Baba, ba zan taɓa ka a haka ba. Kilo arba'in da huɗu gare ka. Na ba ka sati uku. In sikeli bai hau ba, zan kwantar da kai, in sa maka tiyon abinci ta hanci."

Na ga wani dattijo da wannan tiyon a ɗakin. Idonsa kawai ke motsi. Tiyon nan nake tsoro, fiye da mutuwar kanta.

Likita ya rubuta mini da Faransanci abin da zan riƙa damawa ina sha: lait caillé, banane, fraise. Da na dawo gida na sa tabarau, sai na tsaya a kalmar ƙarshe. Shekara talatin na yi ina ba yara dikte, wato shifta, a lakwal, makarantar boko. Na ce kai, yaran yanzu! Likita guda bai san frais, wato mai sanyi, ba ya ɗaukar "e" ba. Na ɗauko jan biro na soke harafin.

Sai na shiga sayen ƙanƙara wurin mai firigo. Kindirmo, ayaba, ƙanƙara. Duk kurɓar da na yi, sai ƙirjin ya ƙulle kamar an ɗaure bakin buhu, abin ya dawo. Kwana shida a haka. Na fara zargin likita ya ɓoye mini gaskiya ne don ya ga na tsufa. Rana ta bakwai na ciro likkafanin da na daɗe da ajiyewa a akwati, na shanya shi a igiya ya sha iska.

Saratu, matar maƙwabcina Ishaya, ta hango shi ta saman katanga. Sai ga ta, hannunta duk kumfar wanki.

"Baba Mushe, wannan fa? Tafiya za ka yi ba sallama?"

Na miƙa mata takardar, na ce na bi ta, ta ƙi ni. Ta duba, ta sake dubawa.

"Wa ya soke nan?"

"Ni. Kuskure ne."

"Wayyo Baba! Firez ne fa, ɗan itace! Ja ne, kamar ƙaramin tumatir mai ƙuraje. Shekara shida na yi ina girki a gidan mishan, na wanke shi har na gaji. Yau dai malami ya ci sifiri."

Na san kalmar a littafi. Ban taɓa ganin abin da idona ba, ban kuma zaci za a rubuta wa tsohon Madarunfa shi ba.

Ta kira lambar da ke kan takardar. Ina jin muryar likita: "Ƙanƙara? Ita ce ke ƙara ƙulle masa ƙofar cikin! Firez ɗin don ya buɗe masa baki ne kawai. In babu, ku sa gwanda."

Ishaya bai yarda da gwanda ba. Lokacin sanyi ne, ya zaga Maraɗi har ya samo cikin ɗan roba. Saratu ta wanke biyar, ta cire ganyen kansu, ta kirɓa su a ƙaramin turmi da ayaba ɗaya wadda ta nuna sosai. Ta zuba kindirmon da ba a sa a firigo ba, da cokalin zuma, ta burka da maburgi, ta tace 'ya'yan da rariya.

Na ɗauki kofin. Na kurɓa. Na jira.

Ya sauka.

Sau biyar a yini take damawa. Ran da firez ya ƙare, gwanda ta karɓi aiki. Duk da haka, da na hau sikeli a Maraɗi, rufe ido na yi.

"Arba'in da shida da rabi. Baba, ka tsallake."

An yi aikin, na kwana biyu, na dawo da ƙafata. Har yanzu ina tsorata da kowace loma, kuma wata mai zuwa zan koma a duba.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitan da bai yi mini dariya ba sai da na fita. Saratu da Ishaya, Allah Ya saka muku. 'Yata, ki yafe mini ɓoyon.

Duk wanda abinci ke tsaya masa a ƙirji, kada ya ce tsufa ne, ya je a duba. Wanda ke zaune shi kaɗai, ya faɗa wa maƙwabci. Takardar likita kuma, a sa shi ya karanta ta da bakinsa kafin a fito. Ku sa ni a addu'a.