Kafintan da Ya Tambayi Gada

A garinmu na kudancin Malawi, in ana son a san ko ɗan majalisa yana aiki, akwatin gawa ake dubawa. Da an yi mutuwa sai a aika masa, shi kuma ya sa a ƙera akwati, ya haɗa da buhun masara na masu zaman makoki. Haka muka taso muka tarar, kuma ni ɗin nan mai ba ku labari na sha rangaɗa guɗa a kan haka, ba zan yi muku ƙarya ba.

Bambo Makwinja ne kafintan da ke ƙera akwatunan, gidansa na kallon nawa. Dogo ne siriri, fensir a bayan kunne ko da a coci ne, ga shi ba ya son hayaniya. Rabin tuwon gidansa daga hannun ɗan majalisarmu Honarabul Kandulu yake fitowa, don haka shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya ɗaga masa murya. Sai dai matarsa Nachisale tana fama da ciwon fuka. Asibitin yana hayin kogin Namikalo, daga kan tudu ma ana hango rufinsa, amma daga Disamba har Mayu ruwan ba ya ƙetaruwa sai a kwale-kwale. Kwale-kwalen ɗaya ne tal, mai shi kuwa in ya sha ya bugu, sai gobe. Ranar da fukar ta tashi, ina tsakar gidana nake jin numfashinta kamar ana jan zarto a ɗanyen katako.

Zaɓe biyu a jere Bambo Makwinja yana miƙewa a taron neman ƙuri'a da hula a hannu, ya yi tambaya ɗaya. A na uku ma bai fasa ba.

"Ranka ya daɗe, gadar nan da ka ce, wace shekara ce? Ka faɗi shekarar a gaban mutane, mu riƙe."

Honarabul ya yi murmushi ya juya wajen jama'a. "Jama'a, wa ya binne muku mahaifiyar dagaci?"

"Kai ne!"

"Yaran nan biyu da amai da gudawa ya ɗauke fa?"

"Kai ne!"

"To ku tambayi dattijon nan, wa ke ba shi aikin?"

Wuri ya kaure da dariya. Wata daga baya ta ɗaga murya ta ce, "Baba, zauna! In an yi gada, kai kujeru za ka koma ƙerawa?" Na yi dariya ni ma, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ya koma gida ya yanke shawarar da ya ɗauka dabara ce. Ya ce daga yau ba zai sake ƙera akwatin Honarabul ba. In mutane suka rasa abin da ke rufe musu baki, dole su tambayi gada. Nachisale ta ce masa, "Baban Tiyamike, kai fa ba ka san mutanenka ba." Ita ce da gaskiya. Sati biyu bayan nan wani tsoho ya rasu, gawarsa ta yi kwana biyu a kan tabarma kafin a kawo akwati daga wani gari. Ba wanda ya zagi Honarabul. Kafinta aka kai gaban dagaci da laifin wulaƙanta mamaci, aka ci shi tarar akuya, mata suka daina gaishe shi a hanyar rijiya. Ya ba da akuyar, ya koma ƙera akwatunan Honarabul.

Ana saura kwana huɗu zaɓe maganin fukar da Nachisale ke shaƙa ya ƙare, ga sanyin Mayu ya fara shigowa. Mai kwale-kwale ya tafi biki. Ranar zaɓe da sassafe sai ga kwale-kwale har shida a bakin ruwa, Honarabul ya ɗauko haya don a kai mu rumfar zaɓe a hayi, kyauta. Bambo Makwinja ya goya matarsa har bakin kogi, ni na riƙe mata zani. Tunda na san shi ban taɓa ganin sa da fara'a irin ta ranar ba.

"Kin gani ko," ya ce mata, "yau Honarabul da kansa ya kai ki asibiti."

Muka tarar da ƙofar asibitin da kwaɗo. Ranar hutu ce, ma'aikatan jinyar biyu kuma an ɗauke su aikin zaɓe, su da mabuɗin ɗakin magani suna wata mazaɓa mai nisa. Ya buga ƙofar, ya zagaya ta baya, ya dawo ya sake bugawa. Nachisale tana zaune a kan dakali tana kokawa da numfashi, da ƙyar ta ce masa ya bari haka, ya mayar da ita gida.

A bakin ruwa mai tuƙin ya tare mu da sandarsa. "Baba, mu ga yatsa. Wanda ba shi da tawadar zaɓe ba ya shiga, haka aka ce mana."

"Ɗana, ba ka ga halin da take ciki ba?"

"Na gani, Baba. Ita dai ta shiga, na ɗauke kai. Kai kuwa je ka dangwala ka dawo, layin ba tsawo."

Ni na riga na dangwala tun isowarmu, sai ya bar ni da ita ya tafi ya bi layi a bayan mutanen da suka yi masa dariya. Ban tambaye shi wa ya zaɓa ba, bai kuma faɗa mini ba. Ya dawo ya miƙa wa mai tuƙin yatsa, aka ce ya shiga.

Ranar da muka binne Nachisale, tawadar ba ta gama fita daga farcensa ba.